Katakon Tsere a Fangalin Shinkafa

Talata Mafara, daren Laraba, 9 ga Rajab

Shekara uku ina goga wa katakan tseren ƙanƙarar nan biyu kakin zuma, tun dawowata daga karatu a Turai, inda ake ɗaura irinsu a ƙafa a riƙa zamewa a kan ƙanƙara. Na yi wa yaran ajin da nake koyarwa alkawarin gobe za su taɓa su da hannunsu. Yau na tarar saura ɗaya. Ashe Yaya Sani ne ya ɗauka, ya daidaita laka a fangalin shinkafarsa. Ya dawo da shi a tsage.

Wai, "Malam, yo ƙanƙara za ta sauka Mafara? Ai bai taɓa aiki ba sai yau."

Yayana ne, na haɗiye. Na wanke, na goga, tsagar tana nan. Haka yara za su gan shi. Ɗazu kuma ya aiko, wai jibi yana son ɗayan.