Hular Rukayya a Kan Liman

Assalamu alaikum Malam Sani, ƙanena.

Ka gafarce ni da na katse maka aiki. Yaya jiki, yaya Binta da yara, yaya zaman Legas? Mu nan Bungudu sai godiya.

Littafin masu aikin hannu da ka ce 'yata Rukayya ta nema ya zo a kan gaɓa. Lokacin ta ajiye allura, don mai shagon huluna a Gusau ya ƙi zanen da ta ƙirƙira. Na sa ta karanta mini a bayyane, kada a samu abin da bai dace ba. Na ce mu bi shi kamar allo, ba a juya shafi sai an yi aiki da na baya. Ta ce, "Inna, ai sai na tsufa." Na ce haka na sauke Alƙur'ani.

Inda littafin ya ce a gyara aikin da aka ƙi, nan ta warware hular ta sake ɗinkawa, mai shagon ya karɓa. Ranar Juma'a babanta ya ga hular a kan liman.

Ka yi mata addu'a, ka gaida kowa. Mun kusa shafin ƙarshe, wane littafi za mu ɗora? Don Allah ka amsa da wuri.

Yayarka,
Hadiza