Sabon Keke a Ƙarƙashin Tamfol

Zuwa ga Malama Hilke,

Don Allah ki taimake ni da shawara. Na rasa wanda zan gaya wa wannan magana a ƙauyenmu ba tare da ta zagaye gari kafin ruwan kofi ya tafasa ba. Ki yi haƙuri da rubutuna. Sai da na haura shekara arba'in na koyi karatu a ajin manya, kuma har yanzu alƙalami nauyi yake yi mini.

A jirgin ruwa na tashi. Mahaifina dakon yashi da tsakuwa yake yi, yau muna nan gobe muna can, makaranta kuwa sai dai in hango ta daga kan ruwa. Ɗaura igiya ko idona a rufe zan yi, amma keke ban hau ba sai da na yi aure, kuma har yau in zan je nesa bas nake shiga. Na faɗi wannan ne don ki gane abin da ya biyo baya.

'Yata Imke shekararta goma sha biyu, bana ta shiga sakandare a birni. Kin san yadda abin yake. Yaran ƙauye su haɗu a bakin gada da safe, su tafi a ayari biyu-biyu, tafiya mai nisa a kan hanyar da ke bin gefen ruwa. Kekenta na firamare ya yi mata kaɗan. Kowa a nan wajen mai gyaran keke na ƙauye yake saya, baƙin keke mai akwati a gaba, galibi ma na hannu. Ni kuwa na ce 'yata sabo za ta hau. Mahaifinta direban babbar mota ne, sai ƙarshen mako muke ganinsa, ya ce in yi yadda na ga ya dace.

Na shiga bas ni kaɗai na tafi babban shagon kayan wasanni da ke bakin birni, inda ake sayar da tanti da ƙwallo da takalman gudu. Suna da kekunansu na kansu, masu ɗauke da sunan shagon, kuma sun fi sauƙin kuɗi. Malama Hilke, ban nemi kowa ya karanta mini komai ba. Na tsaya gaban kowane keke na bi takardar da ke rataye a jikinsa da yatsa, kalma bayan kalma. A da sai in ce na manta tabarau a gida. Ran nan ban ce ba. Na zaɓi wani shuɗi marar nauyi, mai giya da yawa saboda iskar da ke kan hanyar. Na karanta inda aka rubuta birkin hannu, na wuce, don ban san akwai wata magana a ciki ba.

Na ɓoye shi a gidan maƙwabciyata Aukje har ranar Lahadi da yamma, washegari a fara makaranta. Da Imke ta gan shi ta rungume ni tana cewa, "Mem, ke da kanki kika zaɓo? Ke kaɗai?" Ruwan sama ake yi, don haka ba ta gwada shi ba. Tun daga nan kullum da safe takan fito da shi, ta tura shi har kwana, ta ɗaga mini hannu. Da yamma ta dawo da shi tsaf. Har yabonta nake yi a raina, wai yarinya mai tattali.

Makon jiya muna shan kofi Aukje ta ce, "Ke, 'yarki ta koma hawan tsohon keken gidan Wiebe ne? Na gan ta a kan gada, abin yana ƙara kamar keken ɗinki." Wiebe mahaifina ne, gidansa yana bayan coci. Na yi dariyar yaƙe, na ce ai na sani. Tana fita na ɗauki rigar sanyi na nufi can. A rumfarsa na tarar da sabon keken an lulluɓe shi da tsohon tamfol na jirgi, tayarsa ko laka babu.

Na kira shi yadda muke kiran uba a nan, na ce, "Heit, mene ne wannan?" Ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma kafin ya ba ni labari. Ashe ranar farko, suna sauka daga gadar, na gaba suka tsaya. Imke ta taka feda baya don ta ja birki, kamar yadda ta saba tun tana 'yar mitsitsiya, domin duk keken da ta taɓa hawa birkin ƙafa gare shi. Fedar ta juya a banza. Ta kauce don kada ta buge wani, ta zarce cikin lambatu, ita da keke da jaka. Ta fito kainuwa har kanta. Yara suka fashe da dariya. Wani ya karanta sunan shagon a jikin keken ya ce, "Kyauta aka ba ku da kuka sayi tanti?" Tun daga ranar Agwagwa suke kiranta, in ta iso gada sai su fara kwak-kwak.

Ba ta zo wurina ba. Wurin kakanta ta je a jiƙe, ya wanke mata kaya, ya ba ta keken marigayiya mahaifiyata. Ta ce masa, "Pake, in ka gaya wa Mem ba zan ƙara shigowa gidan nan ba." Shi ko a jikinsa. Cewa ya yi, "Yarinya, wanda bai taɓa faɗawa lambatu ba ai baƙo ne a ƙasar nan. Ƙyale ta, zai wuce."

To amma keken mahaifiyata duk tsatsa ne. Sarƙarsa tana zamewa, fitilarsa ta mutu tun mahaifiyar tawa tana da rai. Yanzu gari ba ya wayewa sai yara sun yi nisa, ga taraktoci suna kwasar amfanin gona suna zubar da laka a hanya. Duk safiya in tsaya a taga ina kallon ta tana tura shuɗin keken, ta ɗaga hannu, ni ma in ɗaga. Ko mahaifinta ban gaya wa ba.

Za ki ce me ya hana ni yi mata magana. Tsoro ne. Tun tana ƙarama ita ke karanta mini saƙonnin makaranta, ba ta taɓa nuna tana jin kunyata ba. Ina tsoron in tambaye ta, ta ce, ko da ido ne, ga abin da ke faruwa in aka bar Mem ta yi abu ita kaɗai. In tilasta mata hawan sabon? In yi shiru kamar yadda mahaifina ya ce? Ko in mayar da shi shagon in ce ban iya zaɓe ba?

Uwa mai tsayuwa a taga, daga wani ƙauye kusa da Sneek

*

Ya ke uwar Imke,

Rubutunki ba ya buƙatar haƙurin kowa. Na karanta shi ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

Bari mu fara da abin da ba ya jira. Kada yarinyar nan ta sake hawa hanyar bakin ruwa babu fitila. Yau ɗin nan ki sayi fitilar gaba da ta baya, irin masu batir, mahaifinki ya ɗaura su, ya kuma kai keken wurin mai gyara a duba sarƙa da birki. Wannan ba sai kin jira kin yi ƙarfin halin magana ba. Mahaifinki ya kyauta da ya karɓi jikarsa a jiƙe bai yi mata faɗa ba, kuma da gaskiyarsa cewa tsokana takan wuce. Amma bai kyauta ba da ya ɗora ta a kan keken da direban tarakta ba zai gani ba, ya kuma ɓoye wa uwarta. Ki gaya masa haka, a hankali, amma ki gaya masa.

Sai batun keken. Ba ki sayi abin banza ba. Kekunan da irin waɗannan shaguna ke sa wa sunansu suna kai dubban mutane aiki da makaranta kullum. Rauninsu shi ne mai sayarwa bai san ɗanki ba, ba zai tambaye ki irin birkin da ya saba da shi ba, abin da mai gyaran ƙauye zai tambaya tun kafin ki zauna. Kin karanta takardar daidai. Abin da ya kuɓuce miki ba a rubuce yake ba, a ƙafar masu hawa yake, kuma iyaye masu digiri sun yi wannan kuskure. Kuskuren da zan ɗora miki ɗaya ne, ɓoye keken har sai da ba sauran lokacin gwaji.

Kina tsoron tana jin kunyarki. Ba zan yaudare ki ba, wataƙila akwai ɗan hakan. Duk ɗan shekara goma sha biyu yana jin kunyar wani abu na gidansu. Nawa ɗan a kwana yake sa ni in ajiye shi don kada a ga motata. Amma ki dubi wahalar da Imke ke sha. Kullum sai ta tashi da wuri, ta zagaya bayan coci, ta canza keke, da yamma ta sake canzawa. Yarinyar da ta raina zaɓin uwarta a fuska take faɗa, ta buga ƙofa. Wannan ta ga farin cikinki ranar Lahadin nan, ta kasa zuba masa ruwa. Ƙarya ta yi, kuma ki nuna mata ba ki so, amma ki san daga inda ƙaryar ta fito.

Don haka ki yi magana, kuma kada ki yi ta da tambaya, domin tambaya wata ƙaryar za ta jawo. Kuna wanke kwanuka, ba ido cikin ido ba, ki ce mata kin je rumfar Pake, kin ji labarin lambatu, kuma ba ki san birki iri biyu ba ne. Ki fara ɗaukar naki kason, za ta ɗauki nata. In ta yi kuka ko ta yi fushi da kakanta, ki bar ta, ki dai ce mata ke kika gano da kanki. Ki tambaye ta yadda tsokanar take yanzu. In ta wuce wasa, malamar ajinsu ta sani. Mahaifinta ma ya ji komai daga bakinki a ƙarshen makon nan.

Sannan ki ba ta zaɓi na gaske. Ko ta koyi birkin hannu a hanyar gona inda babu mai kallo, abin da ba zai ɗauke ta dogon lokaci ba, ko a gyara na kakarta sosai ta ci gaba da shi. Ina zaton tsohon za ta zaɓa, aƙalla bana, don a shekarunta babu abin da ya kai sajewa da ayari daɗi. In haka ta faru, ki amsa da fara'a. Keke ta ajiye, ba ke ba. Shuɗin kuwa kada ki mayar. Ki dawo da shi gida, a daidaita sirdinsa, ya tsaya a fili inda kowa zai gan shi, duk wadda ta fara buƙatarsa a cikinku ta hau.

Abin da nake so ki samu a ƙarshe shi ne, ran da Imke ta sake jiƙewa, a lambatu ne ko a wani abin da ya fi lambatu zurfi, ƙofarki za ta fara ƙwanƙwasawa. Allah ya kai ta lafiya, ya dawo miki da ita lafiya, ya sanyaya miki zuciya.

Taki,
Hilke