Furannin Mai Kamfani

New York, Maris 1957

Mama,

Ina gaisuwa. Yaya ƙafar taki? Yaya su Rosalia? Mu lafiya lau, kada ki damu.

Mun binne mijina Gaspare. Ƙarya aka yi miki, bai faɗo daga bene ba. Ƙungiya yake haɗa mana, mu teloli, mai kamfaninmu ya tura 'yan daba suka kashe shi.

Ranar jana'iza furannin da mai kamfanin ya kawo sun fi na kowa girma. Har hannuna ya riƙe, wai, "Haƙuri, Nunzia 'yata, keken ɗinkinki yana jiranki."

An fito da fim kan irin wannan. A ƙarshe wai an kama mugun! Na yi ta dariya har aka fitar da ni.

Baƙar rigar takaba kuwa, kada ki aiko. Na koma aiki, a keken mai kamfanin na ɗinka tawa.

Ki sa mu a addu'a.

'Yarki,
Nunzia