Igiyar Dattijon Djougou

Laraba, bayan isha'i. Unguwar Banikanni.

Barci ya ƙi zuwa. Da la'asar wani dattijo ya sauka daga zem, wato acaɓa, a ƙofar gidana, riƙe da sabuwar igiya. Daga Djougou yake, wai ya zo ɗaukar ragonsa, jibi sunan jikarsa.

Na ce, "Baba, wane rago?"

Ya miƙo mini salula. Farin ragona ne mai baƙin kunne, ga shuɗin ƙyaurena a bayansa. Hoton da na ɗora a intanet da hannuna, wani ɓarawo ya ɗauka yana talla da shi. Lambar da Baba ya tura wa kuɗi ba tawa ba ce. Mun kira, a kashe take. Da ƙyauren nan ya yi ta tambaya har ya gano gidan.

Bai yi faɗa ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ya shafa bayan ragon, ya ce, "Ɗana, ashe dai akwai shi."

Na raka shi komisariya, wajen 'yan sanda. Daga gobe sai na rubuta lambata a jikin rago kafin in ɗauki hoto.

Ya manta igiyarsa. Tana nan kusa da turke, na kasa ɗauke ta.