Bayan Katangar Maƙabartar Farasan

Assalamu alaikum Baban Amira,

Gaisuwa mai yawa, da fatan Allah ya sa kana cikin rahama. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko da kana raye ma cewa za ka yi Amira ta karanta maka, wai gilashinka ya ɓata. Ni dai zan rubuta, don maganar ta cika mini ciki.

Na fita takaba. Iƙamarmu, takardar zaman ƙasa da ke ƙarƙashin sunanka, ta kusa mutuwa, kafilinka, maigidanka da ya tsaya maka, ya yi mana takardar fita. Ranar Asabar ni da Amira za mu tashi zuwa Kano, kuma ba dawowa. Na raba wa maƙwabtanmu na unguwar Balad ta Jidda kayan ɗaki. Maman Husaini ta karɓi tantabarunka, ta yi ta kuka kamar ita ce matarka.

Abu ɗaya ya tsaya mini a wuya: ban san inda kake kwance ba. Ranar da ciwon ƙirji ya kama ka a cikin jirgin masu nutso, waya kawai aka yi mini. Kafin in gane abin da ake faɗa, an riga an yi maka sutura a Farasan, tsibirin da ka yi shekaru kana kai baƙi su faɗa ruwa su kalli kifi. Sau nawa ka ce in zo in gani? Ni kuwa in ce wanda ya bar ƙasarsa don ya nutse ai asibiti ya dace da shi. Kai dariya kawai kake yi. To, na ce wallahi ba zan bar ƙasar nan ba sai na tsaya a kanka.

Amira ce ta shirya komai a waya. Ka san 'yarka, Hausar ce ke yi mata nauyi, amma a Larabci ba mai taka ta. Ranar Laraba da safe muka hau bas zuwa filin jirgin sama, za mu tashi zuwa Jizan. Tun daga Balad cunkoso ya riƙe mu, direban kuma ko a jikinsa, shayinsa yake kurɓa. Na yi ta ce masa yalla, ya yi sauri, har Amira ta ja mini abaya. Da muka isa, mai duba takardu ya ɗaga iƙamata, ya kalle ta, ya kalle ni, ya sake kallon ta. In ya ce a'a, me zan ce masa? In ce mijina nake nema? Ya miƙo mini, ya ce halas, in wuce.

Sai kuma jirgin ya ƙi tashi da wuri. Muna zaune, rana tana tafiya, ga shi Amira ta ce jirgin fito na yamma shi ne na ƙarshe daga Jizan. In ya wuce mu, shi ke nan, gobe hanyar komawa za mu kama. Tafiyar saman ba ta da tsawo, amma ban saki hannun kujera ba har muka sauka. Ashe haka kake shan wannan jijjiga duk zuwanka gida, ka shigo kana murmushi, ni kuma in tare ka da ƙorafin tukunyar gas?

Mai tasin Jizan, Allah ya saka masa. Da ya ji inda za mu da dalili, sai ya taka mota. Muka iso tasha ana shirin ɗage ƙofar jirgin. Na yi gudu, Baban Amira. Ni da ƙafar nan tawa, takalmi ɗaya a hannu! Da ka gani da ka samu abin tsokana na shekara.

Ruwan kuwa gaskiyarka ne. Kore shar, har ƙasansa ake gani. Na kalle shi na ji haushinsa, don ya fi ni samun ka.

Malam Adamu, abokin aikinka ɗan Hausawan Sudan, shi ya tarbe mu da akori-kurarsa mai ƙarnin kifi. Ya yi mini ta'aziyya yana kallon ƙasa. Na ce masa mu wuce maƙabarta, rana ta yi ƙasa. Ya tada mota.

Na san mata ba sa shiga maƙabarta a ƙasar nan. Yaya za a yi in rasa sani bayan duk zaman da na yi? Amma na sa a raina cewa ƙauyen tsibiri ne, wa zai tsare ƙofa? Ashe akwai wani dattijo. Amira ta roƙe shi da duk Larabcinta, ta ce Asabar ɗin nan za mu bar ƙasar. Ya dafa ƙirji, ya yi mana addu'a, amma bai matsa daga ƙofar ba. Raina ya ɓaci, na buɗe baki zan yi abin da ka san ni da shi, Amira ta riƙe ni.

Malam Adamu ne ya ja motar zuwa bayan katanga. Ya ce in hau baya, in taka kular kifi, shi zai shiga ya tsaya a kanka ya ɗaga hannu. Amira ta tallafe ni na hau. Dattijon ya gan mu, ya juya yana kallon teku.

Na leƙa. Babu suna, babu alama, ƙasa ce fara da ƙananan duwatsu, duk iri ɗaya. Malam Adamu ya bi layi a hankali har ya kai wajen wasu kaburbura biyu. Ya tsaya. Ya kalli na dama, ya kalli na hagu. Ya koma baya, ya sake dawowa. Ina ganin sa sarai, bai san na gani ba. Can ya matsa kusa da na dama, ya ɗaga hannu sama sosai, irin na mai tabbas.

Ban tona shi ba. Me zai ƙara mini? Mutumin nan ya ɗauke ka a kafaɗarsa ranar da ni ina Jidda ina riƙe da waya.

Na yi wa na dama sallama. Na ce masa na yafe maka komai, kai ma ka yafe mini. Na faɗa masa abin da kunya ta hana ni faɗa maka ido da ido, cewa ina son ka, kuma ban taɓa da-na-sanin biyo ka ƙasar nan ba. Amira tana ƙasa tana tambaya ko na ga Baba, na ce na gan shi. Sannan na juya ga na hagu, na maimaita masa duka tun daga farko, ban rage ko kalma ba.

Ɗayanku baƙo ne, ya ji sirrin da ba nasa ba. Ka ba shi haƙuri a madadina, ka riƙe shi da kyau, shi ne maƙwabcinka yanzu.

Sai mun haɗu inda ba katanga.

Taka har kullum,
Rabi, Maman Amira