Mama, Na Karanta Wa Kawu Ciwonsa

Zuwa ga mahaifiyata, Mama Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kina hutawa inda babu tari babu hayaƙi. 'Yarki Ladi ce. Jikokinki suna lafiya, gidanmu na Abbare yana nan, sai dai murhun da kike bandar kifi ya rushe tuntuni.

Labari na kawo miki, kuma ba zan yi ƙarya in ce ya ɓata min rai ba. Yayanki, Kawu Bulus, ya kamu da kansar huhu. Irin taki.

Kin tuna shekarun da Jalingo ta zama babban birnin jiha, gari ya cika da baƙin ma'aikata, kifin da kike sarowa daga Lau ba ya kwana? Lokacin tarin ya fara. Da aka ɗauki hoton ƙirjinki, Kawu ya ce ki jira a waje, maza za su yi magana da likita. Ina kusa da ke a kan benci, ina 'yar sakandare. Kika ɗaga murya da Hausarki ta kasuwa kika ce, “Ni ne mai ciwo, ko shi ne?” Mutane suka yi dariya. Ni ma na yi.

Abin da aka faɗa a ɗakin, sai bayan shekaru matar Kawu ta sako min shi cikin hira kamar ba komai ba. Likita ya ce ciwon ya riga ya bazu. Ko dai a kai ki asibiti mai nisa a gwada magani mai ƙarfi, wanda ba zai warkar ba sai dai ya ɗan ƙara kwana, ko ki koma gida da maganin rage zafi, cikin 'ya'yanki. Ya ce a yi shawara da ke. Kawu ya fito ya ce miki sanyi ne ya shiga ƙirji.

Ke da ko zanen Kirsimeti ba a zaɓar miki. Amma shi dattijon coci ne, ina zai yarda a ce ya zuba ido ƙanwarsa ta mutu a gida? Ya zaɓi tafiya, aka yaba masa.

A tashar mota kina ta raha da direba. Ba ki rungume ni ba, don mai zuwa ɗauko magani ba ya ban kwana. Abin da kika ce min kawai, in wanke kwandunan kifi, in kuma rage yawo. Maganarki ta ƙarshe ke nan a kunnena, Mama. Can kika rasu cikin baƙi, can aka binne ki. Matan zumuntar coci suka zo da tulunsu na kiɗa suka yi waƙa a ɗakin da babu kowa.

To, yanzu duniya ta juyo. 'Ya'yan Kawu sun haɗa baki cewa kada a gaya masa, wai zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Wata nas ta nuna musu wani shafi a intanet da aka yi domin masu wannan ciwo. Yana bayanin kowane magani da wahalarsa, sannan ya tambayi majiyyaci abin da ya fi so: ƙarin kwana, ko sauƙin jiki, ko zama a gida. Sai majiyyacin ya tafi wa likita da amsarsa. Suka kawo min wayar, tunda ni malamar makaranta ce, in fassara musu su cika a madadinsa.

Da farko na ce madalla, a rufe shi yadda ya rufe ki. Sai na tuna rahar da kike yi a tasha. Wanda bai sani ba yana cikin sauƙi, ni kuwa ba sauƙi nake nema masa ba.

Na same shi da rana a gindin mangwaro. Na kira ciwon da sunansa. Na karanta masa komai, ban tsallake ko layi ɗaya ba, ina kallon idonsa. Duk tambayar da shafin ya yi, na ce masa, “Kawu, kai ake tambaya.” Ya ce a mayar da shi gonarsa ta garin Mutum Biyu, don ya kira 'ya'yansa ya sallame su. Sannan ya tambaye ni, da ke ce, wanne za ki zaɓa. Na ce masa, “Da ka tambaye ta.” Ya yi kuka kamar yaro. Na zauna har ya gama, ban ce masa ya yi haƙuri ba.

A coci ana ta sa min albarka, wai na yi aikin jinƙai. Ke kin san 'yarki.

Amma Mamana, tambayarsa ta biyo ni gida. Ni ma ban san amsar ba. Wata rana in ce da kin zauna da mu, wata rana in ce ke jaruma ce, da kin tafi kin gwada. Ba wanda zai ƙara sani, kuma wannan ne ba zan yafe masa ba.

Ubangiji Ya ba ki hutawa, Ya riƙe min ke har in iso. Shi kuma Ya bar shi da hankalinsa garau, ya sallami 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, yana tuna sallamarki da ya hana. Amin.

Taki har mu sadu,
Ladi