Motar Wasan Maigidana Ta Mutu A Hannuna

Anti, don girman Allah ki taimake ni da shawara kafin ashirin ga wata. Ranar ce za a sallamo maigidana daga asibiti, kuma ni da ya kamata in yi ta murna, duk lokacin da na ɗaga kai na ga kalandar shagona sai gabana ya yanke ya faɗi. Na san idan kika ji abin da ya hana ni sukuni za ki iya yin dariya, domin motar wasa ce. Ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe, ba ni da sauran wanda zan gaya wa.

Ni tela ce, shekarata goma sha shida a kan keke. Maigidana direban babbar mota ne, ko in ce a da. Wata biyar ke nan da ya yanke jiki ya faɗi a gareji yana ɗaure tamfol. Jininsa ne ya hau, ɓarin damansa ya shanye. Alhamdu lillahi magana ta dawo, ƙafa ma yana ja da sanda, amma hannun dama har yanzu sai a hankali. Likita ya faɗa masa a gabana cewa shi da sitiyari sai dai kallo. Ranar ya juya fuskarsa bango, ya kwana uku ba ya amsa gaisuwar kowa.

Tun kafin ya aure ni yake da wata mota mai rimot, tsawonta kamu guda, da tayoyi masu ƙuraje da ɗan fiffike a baya. Ba irin ta yara mai batir ba ce. Injin gaske gare ta, ɗan mitsitsi, tana shan wani mai na musamman da suke ce wa naitiro, kuma da igiya ake tayar da ita kamar janareta. Idan ta tashi, ƙararta har cikin haƙori, ga shuɗin hayaƙi da yake kama kayan mutane idan na shanya. Mun sha yin faɗa a kanta. 'Yar lele nake kiranta don in ba shi haushi, shi kuwa sunan daɗi yake masa. Duk sanda ya dawo daga tafiya, kafin ya huta sai ya ɗora ta a kan bulo a bayan gida, ya tayar, ya kara kunne, ya murɗa wata 'yar kusa da ke jikin kafireta da sukudireba, ɗan kaɗan kamar kaurin farce, ya sake saurare. Ba ya barin kowa ya taɓa kusar nan.

A asibiti likitar motsa gaɓoɓi ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ya ƙi. Da ta rasa yadda za ta yi da shi, sai ta tambaye ni abin da yake so a duniya, ni kuma na kawo mata rimot ɗin. Yana da wani ɗan maɗanni da ake ja da yatsa, shi ne totur. Anti, makon farko yatsan ko motsi bai yi ba. Yanzu yana ja har rabi. Tun da safe yake riƙe da shi, kuma duk majinyatan ɗakin sun san ranar da ya koma gida 'yar lele za ta sha gudu. Yana gaya musu ita ce motar da babu likitan da ya isa ya ƙwace masa.

To ga ɓarnar da na yi. Mako uku da suka wuce na tuna cewa inji idan ya daɗe a ajiye cijewa yake, kowane tela ya san wannan. Na ce bari in duba masa ita, ya dawo ya tarar da ita garau. Na sauko da ita daga kan kabad, na goge, na aza ta a kan bulo, na zuba mai, na ɗora abin da yake ɗumama filogi kamar yadda na sha ganin yana yi, na ja igiya. A ja na tara ta tashi. Har tsalle na yi ni kaɗai a bayan gida.

Sai hayaƙin ya turnuƙe ni. Mu a wajenmu, keken da yake hayaƙi ko yake zubar da mai ba shi da lafiya. Na kuma tuna mutumin da zai shaƙi wannan hayaƙi ba mai ƙarfin da ba ne. Na ɗauko sukudireba na ɗan matse kusar, kamar yadda nake matse zare idan ɗinki ya yi sako-sako. Hayaƙi ya ragu, muryar injin ta washe, tayoyi suka ƙara gudu a iska. Na ce a raina ashe shekara da shekaru mutumin nan bai iya saiti ba, yau na fi malam. Na ƙara matsewa, hayaƙi ya ɗauke gaba ɗaya. Da yake rimot yana asibiti, na ja totur ɗin jikin injin da hannu na riƙe ina jin daɗi. Sai na ji ƙas, ta yi tsit. Wari ya tashi irin na dutsen guga da aka manta a kan yadi. Na taɓa kan injin ya ƙona ni, har yanzu tabon yana yatsana. Na ja igiya, ko gezau.

Na naɗe ta a zani na kai wa mai shagon da maigidana yake sayen mai. Ya kwance ya nuna mini fistin ɗin, duk ya karce ya manne. Ya ce man da yake sa injin santsi a cikin naitiron yake, hayaƙin nan shi ne shaidar inji yana samun abincinsa, ni kuma na shaƙe shi har ya buga. Garin neman gira na rasa ido. Ya ba ni zaɓi uku. Ko a nemo fistin da silinda irin nata, amma an daɗe da daina yin su, sai an dace da tsoho a hannun wani, yana iya ɗaukar watanni. Ko a cire injin a mayar da ita mai batir, ta tashi da maɓalli, ba ƙara ba hayaƙi. Ko kuma ya ɗaura mata wani sabon inji mai kama da nata cikin kwana biyu.

Yayar maigidana, wadda ita kaɗai na faɗa wa, ta ce in sa sabon injin in ja bakina in yi shiru, ba kowace gaskiya ake faɗa wa majinyaci ba. Ta ce idan wani abu ya same shi saboda motar wasa, ba za ta yafe mini ba. Amma Anti, mutumin nan yana zaune a ɗaki zai gaya miki motar wane ce ta shigo layi daga jin kukanta. Ja ɗaya zai gane.

Tsoro nake ji. Likita ya ja kunnena a guji ɓata masa rai, faɗuwa ta biyu ta fi ta farko haɗari. Ina cikin ɗinki sai in riƙa ganin fuskarsa ta sake karkacewa, kuma ni ce sila. Sau biyu a makon nan na ɗinka hannun riga a baibai. Ina tsoron ya jefar da rimot ɗin ya sake juya fuska bango. Shekaranjiya ya tambaye ni ko na rufe 'yar lele da kyau saboda ƙura, ya ce ni kaɗai ya yarda ya bar wa ita. Na ce tana nan lafiya. Da na fito sai da na zauna a matakala.

Akwai kuma abin da ban faɗa wa kowa ba. Zuciyata ta fi karkata ga batir, ba don hayaƙi ba. Igiyar nan da ƙyar na ja ta da lafiyayyen hannuna. Ba na so in tsaya ina kallo ya kama ta da hannun nan ya kasa. In gyara, in canza, ko in musanya in yi shiru? Kwanaki suna ta tafiya.

Tela mai tabo a yatsa

*

'Yar'uwa, ban yi dariya ba. Abin da ya sa yatsan da ya mutu ya fara motsi ya wuce abin wasa. Ki fara da sassauta wa kanki: ƙauna ce ta sa kika sauko da motar, kuma ilimin sana'arki ne ya yaudare ki. Hannun da ya saba matse zare, kusa ma matse ta zai yi.

Yayarsa tana da gaskiya a tsoronta, domin ɓacin rai ba abokin mai hawan jini ba ne. Maganinta ne ban yarda da shi ba. Ke da bakinki kin ce ja ɗaya zai gane. Ki auna biyun: ya ji labari daga bakinki yana zaune a gado, ko ya gano da kunnensa a bayan gida, ranar da ya yi wata biyar yana jira, ya haɗa da sanin cewa matarsa da yayarsa sun haɗa baki sun mayar da shi yaro. Na biyun ya fi haɗari ga jininsa, ya kuma fi haɗari ga zamanku. Ramin ƙarya ƙurarre ne, naki ma kwanansa a ƙirge suke.

Saboda haka kada ki jira ashirin ga wata. Gobe ki sami likitar motsa gaɓoɓi da likitansa, ki gaya musu komai, su zaɓa miki lokacin da jikinsa ya fi natsuwa. Ni dai da za a bi tawa, a asibitin za ki faɗa masa, inda ma'auni da ma'aikata suke kusa, amma maganar likita ita ce gaba da tawa. Kada ki yi doguwar shimfiɗa, domin ita ce take tsinka zuciya, kafin ki kai ga magana ya ɗauka mutuwa aka yi. Ki karɓo injin daga mai shago, ki naɗo shi a ƙyalle, ki ajiye masa a cinya. Ki ce kin tayar, kin matse kusa, ya buga, kuma kin ɓoye masa da ya tambaya. Ki ba shi haƙurin duka biyun.

Batun zaɓi uku, na tambayi wani da ya san irin motocin nan. Ya ce kowanne yana da hujjarsa. Batir ya fi sauƙi ga mai hannu ɗaya, kuma motar tana gudu sosai. Sabon inji yana dawo da ƙara da hayaƙi nan da nan. Neman tsohon fistin yana cin lokaci, amma shi ne yake dawo da ainihin muryar da ya sani. Ba zan zaɓa miki ba, ke ma kada ki zaɓa. Wata biyar ke nan wasu ne suke yanke masa lokacin kwanciya da tashi, da abin da zai ci, har sitiyari an karɓe. Wannan hukunci ɗaya nasa ne. Ki hana mai shago taɓa komai sai direba ya ba da umarni.

Na gode da kika faɗi abin da kika ɓoye a ƙarshe, domin nan ne ainihin ciwon yake. Kina so ki cire igiyar don kada ki ga ya kasa. Na fahimta, amma ba ki da tabbacin zai kasa, watanni kaɗan da suka wuce yatsan ma ba ya motsi. Idan kuma ya kasa, wa ya ja sau tara har ta tashi? Ke kina da hannu, shi yana da kunne. Ki ja, ya saurara, ya ce miki murɗa ko saki. Sai dai a fili za ku riƙa yi inda iska take kaɗawa, man kuma a rufe shi nesa da wuta da yadukanki.

Zai yi fushi, ki sa rai da haka. Wataƙila ya yini bai kula ki ba. Idan kin ga zai sake juya fuska bango, ki sanar da likitar nan take, kada ki riƙe shi ke kaɗai. Amma ina kyautata zaton ba haka za a yi ba. Direban da aka ajiye wa mataccen inji a cinya, da wuya ya iya haƙura bai juya shi ya leƙa cikinsa ba.

Ki tafi da sukudireban a jakarki. Idan ya fara yi miki faɗa, yana kwatanta miki da hannun hagu yadda ake murɗa kusar da dalilin da ya sa ba a kashe hayaƙi, kada ki katse shi, ko da kin riga kin ji daga mai shago. Wata biyar ana koya masa riƙe cokali. Ki bar shi shi ma ya koya wa wani wani abu.

Allah Ya ƙara masa sauƙi, Ya sanyaya zuciyarki, Ya sa ki sake shanya kaya kina mitar hayaƙi.

Antinku